Daga Damagaram zuwa ƙasar waje da ƙananan yara: yadda ake neman masauki mai araha

Ɗan kasuwar Damagaram da ya saba sauka Kano ko Lome ko Dubai shi kaɗai ba ya ɓata lokaci kan maganar masauki. Ko ya kwana wajen abokin ciniki, ko su haɗu su huɗu su kama ɗaki ɗaya, gari na wayewa kowa ya kama gabansa. Ranar da tafiya ta haɗa da uwargida da goyo da ɗan shekara huɗu, wannan dabarar ta ƙare. Yaro yana son kununsa tun da asuba, yana ɓata kaya sau uku a wuni, ba ya jure doguwar tafiyar ƙasa, kuma zazzaɓinsa ya fi son tsakar dare. Duk waɗannan kuɗi suke ci, masaukin da kuka zaɓa kuwa shi ke sa kuɗin ya hau ko ya sauka. Don haka a wannan jagorar abin da za mu riƙa lissafawa shi ne abin da iyali ke kashewa daga asuba zuwa asuba, kuɗin ɗaki yana ciki kamar sauran.

Mataki na farko: ku fara daga wurin da ya kai ku

Kafin ku duba otel ko ɗaya, ku buɗe Google Maps ku sa alama a wurin da za ku riƙa zuwa kullum, asibiti ne, Harami ne, ko kasuwa. Daga nan ake auna komai, kuma da tafiyar ƙasa ake aunawa. Abin da taswira ta ce minti 10 ne, mace mai goyo da wani a hannu za ta yi shi a minti 20.

Wanda zai kai yaro Asibitin Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, ya nemi wuri a Tarauni ko Gyaɗi-Gyaɗi ko wajejen Zoo Road. Wanda aka tura asibitin ƙashi na Dala, ɓangarensa daban ne, kada ya sauka kudancin gari don ɗaki ya yi araha, ƴan adaidaita za su cinye rarar cikin kwana biyu. Masu sari a Kantin Kwari, Fagge ce kusa da su. A Istanbul ƴan kasuwarmu sun fi taruwa a Laleli da Aksaray, a Dubai kuma Deira. Unguwannin kasuwa suna da abinci mai araha da mutanen da ke jin Hausa, amma akwai hayaniya har dare, sai ku nemi ɗakin da tagarsa ba ta kallon titi.

Mataki na biyu: lissafin da ke raba gardama

Ku ɗauki takarda ku rubuta masauki biyu gefe da gefe. Ga misali, kuɗaɗen na kwatance ne kawai, jikka ɗaya kuma sefa dubu ke nan. A ce ku biyar ne, miji da mata da yara uku. Otel na farko jikka 15 ne a kwana, ba wurin girki, kuma yana nesa. Abincin saye sau uku jikka 12, mota zuwa da dawowa jikka 5, wanki jikka 1. Wuninku ya tashi jikka 33. Na biyu gida ne mai kayan ɗaki da madafa, jikka 22 a kwana, kusa da inda kuke zuwa. Cefane jikka 5, ruwan sha da ƴan tarkace jikka 1, wanki ku yi da kanku. Wuninku jikka 28. A kwana 10, wanda ya yi kamar ya fi tsada ya bar muku jikka 50 a aljihu, kuma yaran sun ci abin da cikinsu ya sani.

Sai canji. Sefa a ɗaure take da yuro: yuro 1 daidai yake da sefa 655.957, ku riƙe 656 a ka. Ɗakin yuro 40 ya ɗan haura jikka 26 ke nan. Riyal na Saudiyya a ɗaure yake da dalar Amurka, riyal 3.75 a dala 1, dirhamin Dubai ma haka, wajen 3.67. A Togo, Benin, Burkina Faso, Mali, Kodebuwa da Senegal sefarmu ce ke aiki, ba ruwanku da ƴan canji. Naira kuwa ba ta tsayawa wuri ɗaya, sai ku tambayi farashin ranar, a Damagaram kafin ku tashi da kuma a Wapa, wajen ƴan canji, idan kun isa Kano, ku canza kaɗan-kaɗan.

Kada ku manta da abin da ake ɗorawa a kan farashi. A Saudiyya harajin saye kashi 15 cikin ɗari ne tun 2020. A Dubai akwai kuɗin yawon buɗe ido da ake karɓa kan kowane ɗaki a kowane dare. Wasu shafukan suna haɗa waɗannan a farashin da suke nunawa, wasu sai a shafin ƙarshe. Jimlar shafin ƙarshe ita za ku rubuta a takardarku.

Mataki na uku: gidan dangi, zango, gidan haya, ko otel

Bahaushe da wuya ya je gari ya rasa nasa. Akwai Nima da Sabon Zango a Akara, akwai zangon Kumasi, akwai na Kwatano da na Lome, kuma al'adar mai masauki da ke saukar da baƙo ya haɗa shi da ƴan kasuwa ta girmi duk wata manhaja. Wannan ita ce hanya ta farko da ya kamata ku gwada, sai dai a yi ta da ido buɗe.

Sauka gidan dangi ba kyauta ba ne. Akwai tsaraba, akwai sa hannu a cefane, akwai ɗan abin da za a ba yaran gida ranar tafiya. Hadisi ya ce baƙunci kwana uku ne, abin da ya wuce haka sadaka ce, Hausawa kuma suka ce baƙo raɓa ne. Kwana biyu ko uku a gidan kawu da yara uku, lafiya lau. Jinyar wata guda a ɗakin da aka fitar da ƴaƴan gida don ku, nan ne zumunci ke fara tsami, kuma nauyin a kan matan gida yake faɗawa. Ni abin da na fi ganin dacewarsa shi ne a mai da ɗan'uwa ido da ƙafa. A kira shi a ce: "Kawu, muna tafe da iyali ranar Talata, za mu yi kamar mako uku saboda asibiti. Don Allah a sa wani yaro ya duba mana ɗaki da falo kusa da ku, inda Hajiya za ta iya ɗora tukunya." Zai ce haba, ga gida. Ku yi godiya, ku kwana ɗaya ko biyu don kada ransa ya sosu, sannan ku koma naku. Farashin da ɗan gari zai samo muku, baƙo ba zai taɓa samunsa ba.

Gida mai kayan ɗaki da ake haya na kwanaki shi ya fi dacewa da iyalin da za su wuce kwana huɗu ko biyar. A Lome da Kwatano da Abijan da Tunis suna da yawa, a Dubai kuma akwai otel-otel masu ɗaki da ƙaramar madafa. Otel na yau da kullum sai ga kwana ɗaya zuwa uku, ko idan za ku sauka cikin dare a garin da ba ku sani ba.

Akwai nau'in da ban yarda a kai yara ba komai arharsa: ɗakunan kwana na gefen tasha da ake ba da haya awa-awa, da waɗanda ke da mashaya a ƙasa. Alamarsu ba ta ɓuya. Ku tambaya ko iyalai suna sauka, ku saurari yadda za a amsa.

Mataki na huɗu: bincike a intanet

Booking.com da Agoda na otel ne da gidaje, Airbnb kuma gidajen mutane. Abu na farko, ku shigar da adadin yara da shekarun kowane ɗaya daidai. Mutane da yawa suna rubuta manya biyu kawai don farashi ya sauka, da tunanin yara za su lafe a gado ɗaya kamar a gida. A Turkiyya da Dubai da Turai kowane ɗaki yana da iyakar mutanen da aka yarda su kwana cikinsa, kuma ma'aikacin karɓar baƙi zai ƙirga ku. Sai a wayi gari an tilasta muku ɗaki na biyu da farashin wannan daren, kuna tsaye da kaya da yara masu kuka. Ku karanta ƙa'idar yara ta kowane otel: wasu ba sa karɓar komai kan yaron da zai kwana gadon iyayensa har zuwa wasu shekaru, gadon jariri ɗan ƙasa da shekara 2 sau da yawa kyauta ne idan an nema tun da wuri, ƙarin katifa kuma da kuɗinta.

Ku tace sakamakon da abubuwa uku: madafa, damar fasa kama ɗakin ba tare da an caje ku ba, da nisa. Sannan ku karanta ra'ayoyin waɗanda suka taɓa sauka, ku fara da na baya-bayan nan da kuma masu ƙorafi. Yabo ba ya koya muku komai. Idan mutum uku daban-daban sun ambaci kyankyasai ko kuɗin cizo ko lif da ba ya aiki, ku wuce. Wayarku za ta fassara muku abin da aka rubuta da Turkanci ko Larabci.

A Airbnb masu gida da yawa suna rage kuɗi ga wanda zai yi kwana 7, ragin ya fi girma daga kwana 28. Wani lokaci kama kwana 7 ya fi kama kwana 6 araha, ku gwada ranaku ku gani. Akwai kuma kuɗin share gida da ake biya sau ɗaya, wanda ke sa kwana biyu ya yi tsada amma ba a jinsa a mako biyu.

Dabarar da ta fi amfani ga doguwar tafiya ita ce kada ku biya duka tun daga gida. Ku kama kwana biyu ko uku a wuri mai tabbas. Idan kun isa, maigida ya zaga unguwa da ƙafarsa, ya ga ɗakuna da idonsa, ya yi ciniki baki da baki. Wanda ya ce wata guda zai yi kuma ga kuɗi a hannu, ana saurarensa. Wannan ba ya aiki a lokacin cunkoso, kamar azumi a Makka.

Mataki na biyar: tambayoyin da hoto ba ya amsawa

Kafin ku biya, ku tura saƙo, kuma ku nemi bidiyon ɗakin da aka ɗauka a ranar. Ga irin saƙon da za a iya tura wa mai gida a Kano:

"Salamu alaikum Alhaji, barka da aiki. Daga Damagaram muke, ni da maiɗakina da yara uku, ƙaraminsu wata 10. Ɗakin a bene na nawa yake? Ruwan famfo ne ko rijiyar burtsatse, kuma akwai tanki? Idan an ɗauke wuta, ƙarfe nawa ake tada janareto, ƙarfe nawa ake kashewa? An yarda a yi girki? Nawa ne gaba ɗaya na kwana 12, har da kuɗin ajiya da ake mayarwa ranar fita?"

Mu mutanen Damagaram ba sai an koya mana tambayar ruwa ba, mun san ranar da famfo ya yi shiru. To a tafiya da mai kunzugu tambayar ta fi nauyi. Wuta ma haka: firigon da ke mutuwa rabin wuni ba zai riƙe madara ko maganin ruwa ba.

Sauran abin dubawa ya danganta da inda za ku. A biranen bakin teku irin su Lome da Kwatano da Abijan, raga a taga da fanka mai ƙarfi, don sauro da gumi. A Istanbul da Tunis daga Disamba zuwa Fabrairu, abin ɗumama ɗaki, da ko kuɗinsa yana cikin haya. Sanyin can ya wuce hunturunmu nesa ba kusa ba. Tsofaffin gidajen Istanbul da yawa ba su da lif, kuma garin hawa da gangara ne. Ko'ina kuka je, ku dubi baranda da taga: idan tsakanin ƙarafunan zai ɗauki kan yaro, ku nemi wani ɗakin ko ku kulle ƙofar ku cire makullin.

Mataki na shida: biyan kuɗi

Nan ne ake cutar mutane. Hotunan gida mai kyau a Facebook ko WhatsApp, farashi rabin na kowa, sai a ce a turo rabin kuɗi yanzu don wani yana so. Kada ku tura kuɗi ta Nita ko Amana ko wata hanyar aike ga wanda ba ku sani ba, kan gidan da wani naku bai taka ya gani ba. Idan ta manhaja kuka samu wurin, ku biya cikin manhajar, duk wanda ya ce ku fito waje zai rage muku, ku bar shi da raginsa. Saƙon da ya zo da sunan otel yana cewa ku danna wani adireshi ku sake shigar da lambar kati, ku kira otel ɗin kai tsaye kafin ku taɓa komai.

Shafukan nan suna son katin banki. Wanda ba shi da shi, ya tambayi bankinsa katin Visa da ake loda wa kuɗi, ya zuba daidai abin da ake bukata. Akwai kuma otel-otel da ke yarda a biya idan an iso. Idan na'urar biya ta tambaye ku da wane kuɗi za a cire, ku zaɓi kuɗin ƙasar da kuke ciki. Duk abin da kuka biya hannu da hannu, a ba ku rasit, kuɗin ajiya kuma a rubuta adadinsa da ranar mayarwa.

Umra da yara: lissafinta daban ne

A Makka farashi nisa daga Harami yake bi, da kuma wata. Goman ƙarshe na azumi shi ne ƙololuwa, kuma cunkoson lokacin bai dace da ƙananan yara ba ko da kuɗin yana nan. Hutun ƙarshen Disamba ma ana tsada. Farkon buɗe Umra bayan aikin Hajji ya fi sauƙi, sai dai a shekarun nan yana faɗawa cikin tsananin zafi, sai a yi ɗawafi da dare ko bayan asuba.

Otel-otel na titin Ibrahim Khalil da Misfala ana zuwa Harami da ƙafa, farashi na sauka yayin da kake nisa, kuma a wajejen ne aka fi samun abincin gida da masu jin Hausa. Na Aziziyya da Kudai da Mahbas al-Jinn sun fi araha da faɗin ɗaki, da yawansu suna da bas kyauta. Kafin ku yi murna da bas, ku tambayi inda take sauke mutane, nisan wurin da ƙofar masallaci, da ko tana aiki dare da rana. Bayan sallar isha'i da Juma'a layin shiga bas yana da tsawo da turereniya. Iyalin da suka sauka nesa sukan ƙare da zuwa Harami sau ɗaya ko biyu a wuni, su zauna daga la'asar zuwa isha'i. Idan kun yarda da wannan tsarin, ku ɗauki na nesa ku adana kuɗi. Idan Hajiya tana son salloli biyar a Harami, kuma yara suna bukatar barcin rana, ku rage kwanaki ku matso kusa. A Madina abin ya fi sauƙi, ƙasar shimfiɗe take kuma otel-otel sun kewaye masallacin.

Mafi yawan mutanenmu ta hannun ajans, wato kamfanin shirya tafiya, suke tafiya. Ku tabbatar tana cikin waɗanda hukumar COHO mai kula da Hajji da Umra ta amince da su. Ku nemi sunan otel a rubuce, ku duba shi a taswira da kanku, don "kusa da Harami" ba ta da ma'auni. Ku tambaya ko ɗakin naku ne ku kaɗai, domin a tsarin rukuni akan raba maza da mata, mutum huɗu ko biyar a ɗaki. Iyali mai mutum huɗu ya kama ɗaki mai gado huɗu nasa na kansa. Ku kuma tambayi kuɗin yaro mai gado da na marar gado, ba ɗaya ba ne. A yawancin otel-otel na can ba a yarda da girki da wuta a ɗaki ba, amma butar lantarki ta dama kunu ba ta cika zama matsala ba.

Kayan da ke rage kashe kuɗi, da ranar isa

Garin kunu, kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, daddawa a leda biyu don wari, ƙaramar tukunya, butar lantarki, igiyar shanya, sabulun wanki, sange, da leda mai kauri ta shimfiɗa wa mai fitsarin kwance, don otel na cajin katifar da aka ɓata. Maganin zazzaɓi na yara da gishirin gudawa daga farmasin gida. Kilishi da kayan nono ba a shiga da su Turai, ƙasashe da dama ma suna karɓewa a filin jirgi. Soket ɗin Najeriya da Gana da Saudiyya da Dubai mai baki uku ne, sai ku sayi mahaɗi tun a kasuwar Dole. Na Turkiyya da Tunisiya irin namu ne.

Kowane yaro da fasfonsa idan jirgi za a hau, da takardar haihuwa, da katin rigakafin shawara ga wanda ya kai wata 9, masu Umra kuma da allurar sanƙarau. Idan uwa ce kaɗai da yara, ta riƙe takardar izinin uba mai hatimin hukuma. Otel ma yakan nemi takardun kowa.

Ku lissafa kwanan hanya. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, wuni guda cur a bas, kuma ba a fitowa daga wannan tafiyar a wuce filin jirgin Diori Hamani da yara kai tsaye. Kano ta fi kusa, wajen kilomita 240 ta Matamaye da Daura, amma jinkirin iyaka ba a san tsawonsa ba. Ko ta ina kuka bi, ku sa kwana ɗaya na hutu a lissafi.

Yawancin otel-otel sai ƙarfe 2 ko 3 na rana suke ba da ɗaki, su karɓe shi ƙarfe 11 ko 12. Idan jirginku da asuba zai sauka, ku nemi alfarmar shiga da wuri a rubuce, ko ku biya daren da ya gabata ku sanar da su lokacin isowarku don kada a ba wani ɗakin. Kuna shiga, kafin a kwance kaya, ku ɗaga zanin gado ku duba ɗinkin katifa, ku buɗe famfo, ku gwada makulli, ku ɗauki hoton duk abin da kuka tarar a fashe ku tura wa mai gida nan take. Ku karɓi katin otel mai adireshi ku sa a aljihun kowane yaro da ya iya tafiya, da lambar wayarku a baya. Sannan ku tambayi farmasi da asibitin yara mafi kusa tun da rana.

Ranar fita, ku kira mai gida ya zo ya duba ɗakin kuna nan, ku nuna masa hotunan ranar farko, ku karɓi kuɗin ajiyarku kafin a sa kaya a mota. Idan jirgin dare ne, ku tambayi kuɗin ƙarin rabin wuni; sau da yawa bai kai abin da za ku kashe kuna yawo da yara a gari kuna jiran lokaci ba.